Yawon kwana ɗaya a gonakin inabi na Cape Town da motar haya ta kanku: amsar tambayoyin da kuka yi ta min

Tun da muka dawo Jos daga Afirka ta Kudu ban huta da tambaya ba, a coci, a kasuwar Farin Gada inda nake kai kayan lambu, har a wajen ɗaurin aure sai wani ya ja ni gefe ya ce wai da gaske ne kun je gonar giya da Alhaji? To ga amsoshin a wuri ɗaya. Mu biyar ne muka tafi, ni da maman yara, da yayarta da muke ce wa Anti, da abokin sana'ata Alhaji da Hajiyarsa. A watan Fabrairu muka je. Ni manomi ne, sitiroberi da kabeji da dankalin Turawa nake yi a wajen Vom, saboda haka idan kun ga na fi daɗewa a kan maganar gona ku yi haƙuri da ni.

Wai mene ne ma wannan yawon, me ake yi a ciki?

Mota ce da direba kuke ɗauka ta ku kaɗai, ta zo otal ɗinku da safe wajen ƙarfe 9, ta kai ku yankin da ake noman inabi, ku shiga gona uku ko huɗu, ku ci abincin rana a ɗaya daga ciki, ta dawo da ku da yamma. A kowace gona akwai ɗakin da ake zama a ɗanɗana giyar inabin da suka yi a wurin. Akwai kuma irin wanda ake tara mutane a babbar bas, ya fi sauƙin kuɗi amma ba ka da ta cewa, inda aka tsaya nan za ka tsaya, kuma idan aka ce a tashi ko kana tsakiyar magana da mai gona dole ka tashi.

Nisa ne daga Cape Town?

A'a. Stellenbosch kamar kilomita 50 ne, ba ya kai awa ɗaya idan babu cunkoso. Paarl wajen 60, Franschhoek wajen 75. Constantia ma a cikin Cape Town take. Wanda ya saba hanyar Jos zuwa Abuja ta Akwanga ba zai ma ji ya yi tafiya ba.

Ni ba na shan giya, addinina ya hana. Akwai amfanin in je?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa kuma ita ce ta fi muhimmanci a wurina, shi ya sa zan tsaya a kanta. Cikin mu biyar mutum biyu ne kawai suka ɗanɗana, ni da Anti. Maman yara ba ta sha, a cocinmu ma ba a yarda da sha ba kuma ita ta riƙe wannan da gaske. Alhaji da Hajiya kuwa maganar ma ba ta taso ba. Tun daren da za mu tafi Alhaji ya ce min, Malam, ni gona zan je gani, amma teburin da aka jera kwalabe ba zan zauna a kai ba, akwai hadisi a kan haka. Na ce Alhaji wannan daidai ne, kuma haka aka yi, babu wanda ya ji nauyin wani. Lokacin da ni da Anti muka shiga ɗakin ɗanɗano su uku suna waje cikin lambu ana zagayawa da su, aka kawo musu shayin rooibos mai sanyi da cuku da man zaitun da burodi a wani teburi daban ƙarƙashin bishiya.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, wurin dai gonar giya ce, da ita suke cin abinci, za ka ga kwalabe a ko'ina kuma warinta yana tashi musamman lokacin girbi. Idan zuciyarka ba ta kwanta da shiga irin wurin ba kwata-kwata, ka tambayi malaminka ko fastonka kafin ka biya kuɗi, kada ka bari abokan tafiya su ja ka. Cape Town na da wuraren zuwa da yawa, ga dutsen Table, ga tsibirin Robben inda aka tsare Mandela, ba za ka rasa abin yi ba. Abin da ba na so shi ne mutum ya je saboda kunya, ya wuni ransa a ɓace. Kuma nan ne motar kanku ta fi bas, don kai ne za ka faɗa wa direba tun farko cewa ga masu sha ga waɗanda ba sa sha, ya zaɓo gonakin da suke da lambu da dabbobi da kantin kayan gona, ba waɗanda daga ɗakin kwalabe sai wajen ajiye mota ba.

To ai na ji ana cewa akwai wadda babu maye a ciki?

A nan ku yi hattara. Hausarmu ma tana rikita mutane, don ruwan inabi muke ce wa duka biyun, wanda aka matse kawai da wanda ya zama giya. Iri uku ne. Akwai ruwan inabi zalla da bai taɓa tsima ba, wannan lemo ne kamar kowane lemo. Akwai giya sosai, yawanci kashi 12 zuwa 14 cikin 100 na barasa ne. Sai na tsakiya, wanda aka bari ya zama giya tukuna sannan aka cire barasar da inji, shi wannan ɗan kaɗan yana iya ragewa a ciki, har zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100. Hajiya da aka miƙo mata irin wannan na ukun sai da ta juya kwalbar ta karanta bayanta, ta mayar, ta ce a kawo mata na farkon. Ku ma ku karanta, kada ku dogara da cewar mai kawo abinci wai babu komai a ciki, shi a wurinsa rabin kashi ba komai ba ne.

Yaya ake ɗanɗanon, ana buguwa ne?

Ɗan kaɗan ake zubawa a gindin kofin gilas, bai fi kurɓa biyu ko uku ba, yawanci kala biyar a kowace gona, a fara da fara a ƙare da ja. Za ka juya kofin, ka shinshina, ka kurɓa ka riƙe a baki, kuma akwai wani ɗan bokiti a kan teburi da ake tofarwa a ciki, ba abin kunya ba ne, masu sana'ar ma haka suke yi. Amma ka yi lissafi, kala biyar sau gona huɗu ashirin ke nan, wanda yake haɗiye duka ga zafin rana ga ciki babu abinci, kafin la'asar zai fita hayyacinsa. Mun ga wasu matasa a gona ta ƙarshe da sai da aka riƙe ɗaya zuwa mota. Ni tofarwa na yi ta yi, ina shan ruwa tsakani. Ɗan ƙasa da shekara 18 ba a ba shi, doka ce.

Me ya sa ba zan ɗauki motar haya in tuƙa da kaina ba?

Dalili biyu. A hannun hagu suke tuƙi, sitiyari yana dama, kuma hanyar da ta haɗa Stellenbosch da Franschhoek ta kan dutse take bi, Helshoogte ake ce mata, kwana-kwana ce kamar gangaren Hawan Kibo. Na biyu, dokarsu a kan tuƙi da giya a jiki tana da tsauri, kashi 0.05 cikin 100 na barasa ne iyaka a jini, kuma 'yan sandansu suna tare hanya su sa ka hura na'urar gwajin barasa. Idan a cikinku akwai wanda ba ya sha kuma ya iya tuƙin hagu to shi ke nan, amma duk da haka direban da ya san wurin ya fi, namu shi ya nuna mana abubuwan da ba za mu taɓa gani da kanmu ba.

Kamar me?

Kamar ƙabarin Shehu Yusuf. Da direban ya ji Alhaji yana tambayar inda za a yi azahar sai ya ce ai shi ma Musulmi ne, daga cikin waɗanda ake kira Cape Malay, ya ce bari ya ɗan karkata da mu. A Macassar wurin yake, kusa da hanyar Stellenbosch. Shehu Yusuf malami ne daga Makassar ta Indonesiya, Turawan Holan suka koro shi zuwa nan a 1694 saboda ya yi musu tawaye, ya rasu a 1699, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka kafa Musulunci a ƙasar. Ƙubba ce a kan tudu, iska tana kaɗawa daga teku, muka cire takalma, Alhaji ya yi addu'a ya daɗe shiru. Ni ba Musulmi ba ne amma wurin ya taɓa ni. Akwai masallaci a cikin garin Stellenbosch kuma, can suka yi salla daga baya, mu muka jira su a titin Dorp ƙarƙashin manyan itatuwan nan da garin ya yi suna da su.

Ta yaya inabi ya zo Afirka ta Kudu har ya zama haka?

Kamfanin Holan ne ya kafa zango a Cape a 1652 don jiragen ruwa masu zuwa gabas su riƙa tsayawa su ɗauki ruwa da abinci. Shugabansu Jan van Riebeeck ya dasa inabi, aka matse giyar farko a watan Fabrairun 1659. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya kuma kafa gonarsa ta Constantia a 1685, har yau ana aiki a cikinta. A 1688 wasu Faransawa 'yan Furotesta da aka tsananta musu a ƙasarsu suka iso, aka ba su fili a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, ma'anarsa lungun Faransawa, shi ya sa sunayen gonakin can da yawa na Faransanci ne.

Amma akwai ɓangaren da ba kowane mai zagayawa da baƙi yake son faɗa ba. Bayi ne suka gina gonakin nan, an kwaso su daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, sai 1834 aka soke bautar. Bayan haka ma aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop, ya jefa gidaje da yawa cikin shaye-shaye, kuma illarsa har yau ba ta gama fita daga yankin ba. A wata gona na ga tsohuwar ƙararrawar da ake buga wa bayi, an shafe ginin da farin fenti mutane suna ɗaukar hoto a gabanta. Ku tambayi direbanku a kan wannan, ku tambayi mai gona yadda ma'aikatansa suke zaune. Ni na tambaya, don ni ma ina ɗaukar 'yan ƙwadago a gonata.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Yanayinsu a juye yake da namu. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da rani, rana tana kai wajen ƙarfe 8 na dare ba ta faɗi ba. Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwan sama, kurangar duk ta zubar da ganye sai sanduna. Girbi daga ƙarshen Janairu ne zuwa wajen Afrilu, kuma idan gona kake son gani wannan shi ne lokacin, sai dai a Fabrairu zafin cikin kwarin yana wuce digiri 30, mu mutanen Jos da muka saba da sanyi mun ji jiki. Ku tafi da hula da ruwa, da 'yar rigar sanyi don yamma, akwai wata iska mai ƙarfi da take tasowa a Cape Town.

Kai da kake manomi, me ka gani da ya burge ka?

Tsari. Layi-layi a miƙe kamar an ja da zare, kowace kuranga an ɗaure ta a waya, ga siririn tiyo yana bin gindinsu yana ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo, don tun farin da ya kusa ƙarar da ruwan Cape Town a 2018 ba sa wasa da ruwa. A bakin wasu layukan an dasa furen wardi, aka ce min tun da can ana yin haka ne don cutar fumfuna takan fara nunawa a jikinsa kafin ta kama inabin. Akwai ma gonar da agwagi ɗaruruwa ake saki cikin layuka su cinye dodon koɗi maimakon a yi feshi, Vergenoegd sunanta.

Wani dattijo da ke kula da masu tsinka ya yanko min nono ɗaya na baƙin inabi, 'ya'yan ƙanana ne ba kamar wanda ake sayarwa a kasuwar Terminus ta Jos cikin roba ba, fatar da kauri, ga ƙwallo a ciki, amma zaƙi kamar zuma har yatsuna suna mannewa. Ya ce in matse ɗaya a tafin hannuna, na matse, ruwan ya fito fari. Ya ce to ka gani, launin ja daga fata yake zuwa, ana barin ruwan ya kwana da fatar ne a cikin tanki. Sauran aikin kuma yis ne yake cinye sukarin ya mayar da shi barasa, wanda ya taɓa ganin yadda ake burkutu da dawa a ƙauyukanmu ya san hanyar, bambancin su suna auna zafi da sukari kullum, sannan wasu su zuba a gangar katako mai lita 225 ta yi watanni. Irin da suke alfahari da shi Pinotage ne, wani farfesa mai suna Perold ya haɗa iri biyu ya fitar da shi a Stellenbosch a 1925. A farare kuma Chenin blanc ya fi yawa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne babu abin da yake fita daga gonar a ɗanye ya lalace a hanya. Mu nan sitiroberi idan bai samu mai saye cikin kwana biyu ba shi ke nan, tumatir kuma kun san yadda yake ruɓewa a kwando. Su komai sun sarrafa, jam, busasshen inabi, lemo, cuku, kuma sun sa baƙo ya biya kuɗi don ya zo ya ga gonar ma kawai.

Inabi zai yi a Jos?

Ana noman inabin ci a Arewa, Kudan ta jihar Kaduna ta yi suna a kai. Matsalarmu a Filato ruwan sama ne mai yawa da danshi a damina, fumfuna tana son haka, kuma ba mu da irin sanyin da ke sa kuranga ta yi barci, sai dai a tilasta mata da aski. Wanda zai gwada ya saita askin yadda 'ya'yan za su nuna a rani, ya fara da layi kaɗan.

Abinci fa, akwai halal?

A cikin Cape Town ba matsala, Musulmi suna da yawa, unguwar Bo-Kaap ma akwai masallacin Auwal tun 1794 da gidajen abinci na halal. A gonakin ne za ka yi taka-tsantsan. Inda muka ci abincin rana Alhaji ya nemi naman rago, sai Hajiya ta ce a tambayo da me aka dafa, yarinyar ta je kicin ta dawo ta ce an zuba jar giya a romon. Ba a rubuta a takardar abincin ba, kuma tun wajen kama wuri mun faɗa, saƙon ne bai isa kicin ba. Raina ya ɓaci sosai don ni na shirya tafiyar. Suka ba da haƙuri aka gasa musu kifi da dankali. Don haka ku tambaya da bakinku a kan teburi, naman alade ma yana yawan shiga farantin cuku da suke kawowa, ku ce a cire tun kafin a jera.

Kuɗin fa?

Da rand ake biya kuma kusan ko'ina kati suke karɓa, ku tabbatar katinku yana aiki a waje kafin ku bar gida. Wasu kamfanonin kuɗin mota suke yankewa gaba ɗaya, wasu kuma kowane kai. Abin da za ku tambaya a rubuce, kuɗin ɗanɗano yana ciki ko a gona za a biya, abincin rana yana ciki, awa nawa ne, kuma waɗanda ba sa sha za a rage musu? Mu an rage wa mutum uku da muka yi magana. A gidan abinci ana ƙara wa mai hidima kashi 10 cikin 100 ko fiye, direba ma a ba shi na goro. Idan kun kai huɗu ko biyar kuka raba, bambancin da bas ba shi da yawa.

Ana zuwa da yara?

Ana zuwa, wasu gonakin suna da filin wasa da dabbobi, Fairview a Paarl akwai awakin da suke hawa wata hasumiya yara suna son su. Sai dai wuni guda a mota yana gajiyar da ƙanana.

Takardu da jirgi daga nan?

Biza dole ce ga mai fasfon Najeriya, ku nema da wuri a Abuja ko Legas, kuma kada ku manta katin rigakafin shawara, ana tambaya. Mu mota muka bi zuwa Abuja, muka tashi ta Adis Ababa zuwa Cape Town. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya.

Gona nawa ya kamata a shiga?

Uku. Mu huɗu muka yi kuma ta huɗun kowa ya gaji, Anti ma a mota ta zauna. Da zan koma, biyu da safe, abinci, ɗaya da yamma, in bar lokaci in zauna da masu aikin gonar.

Me za a kawo tsaraba?

Mai sayen kwalba ya naɗe ta da kyau a babbar jaka, ba a shiga da ita jirgi a jakar hannu, kuma ya tuna akwai jihohin Arewa da ba a yarda a shiga da giya ba. Mu abin da ya cika jakarmu shayin rooibos ne da man zaitun da jam da busasshen inabi. Hajiya ta sayo kwalba shida na ruwan inabi zalla don buɗa-baki, maman yara kuma kwalaben jam ɗin ta wanke ta ajiye, ta ce da su za ta gwada na sitiroberinmu idan ya fara nuna a Disamba.